Neman shawara: wace kyamara zan fara da ita?

Mai tambaya, daga Argungu: Assalamu alaikum manyanmu. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoto da waya a sunan 'yan uwa da bukin abokai, har mutane sun fara cewa in sayi kyamara. Na sayar da shinkafar da na noma da rani, kuɗi na hannuna. Wani a Kano ya turo mani guda biyu: Canon 2000D sabuwa a kwali da lens 18-55mm, wadda za ta cinye kuɗin duka, da Canon 600D ta hannu, wadda za ta bar mani canji mai kauri. Ina son aikin buki da suna, amma babban burina in ɗauki masunta ranar kamun kifi a Matan Fada. Wacce zan ɗauka?

Mai studiyo, Birnin Kebbi: Wa alaikumus salam. Yaro, ɗauki ta hannun. 600D ta fito tun 2011, megafiksel 18 gare ta, waccan kuma 24, amma ban taɓa ganin uwar amarya ta ƙirga megafiksel ba. Hoton da munka wanke munka sa a firem da irin wagga kyamara yana nan rataye a gidajen mutane. Canjin ka sayi lens 50mm f/1.8. Shi ke buɗe ido sosai ya sha haske, ya fito da fuska tas, bayanta ya narke. Na 18-55 in ka jawo shi ƙarshe f/5.6 yake tsayawa, wato idonsa ya ƙanƙance, da magariba ta yi sai ya fara ba ka kunya.

Sai dai kada ka tura kuɗi kan hoton WhatsApp. Shiga mota ka je da kanka. A duba maka adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, don irin waɗannan ƙanana ana kimanta shotarsu, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a kowane ɗauka, da hoto wajen dubu 100. Ka haska lens da tocila, in ka ga abu kamar saƙar gizo a ciki, fumfuna ce, aje masa kayansa.

Mai hoton amare, Jega: Ƙanena, Baba ya faɗi gaskiya, amma a studiyo yake aiki, ni kuwa a ɗakin amarya. A kan waɗannan kyamarori 50mm yana zama kamar 80mm, wato yana matso da abu kusa. Ɗaki cike da gado da kwabet da ƙawaye goma sha biyu, za ka ja baya har ka jingina da bango, mutum uku kacal suka shiga. Kada ka raina 18-55, shi zai ciyar da kai. Abin da za a fara saya bayan kyamara filash ne na ɗorawa a sama, ka harba shi silin hasken ya sauko a hankali. Kuma wasu 2000D ɗin an cire masu ƙarfen tsakiya a mazaunin filash, sai ka sa mai araha ya ƙi tashi. Ni ya taɓa ci, ranar kamu kuwa, na koma ina roƙon a buɗe labule.

Wani daga Yauri: Duk kun manta da wuta. Nikon D3500 kamfani ya ce caji ɗaya na ɗaukar hoto 1,550, su Canon ɗin nan 500 ne ko ƙasa. Sai dai in ka bi Nikon, 50mm mai AF-S, wato mai injin saita hoto a cikinsa, za ka nema, tsohon mai D ba ya saita kansa a kanta.

Mai studiyo: Batir na biyu nawa yake? A nan kusan kowa Canon ke hannunsa, ranar da lens ɗinka ya lalace akwai wanda zai ara maka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To Matan Fada fa? Daga bakin ruwa masunta suna da nisa.

Mai studiyo: Na wannan 55-250mm ne, mai IS, wato mai hana hoto rawa. Za a yi maka tallan 75-300mm don ya fi araha, wanda aka fi kawowa bai da IS. Amma kada ka saye shi yanzu. Kafin 2020 kusan shekara 10 anka yi ba a yi bukin kamun kifin ba, suna kuwa kowane mako ana yi. In lokacin ya zo, zo ka ari nawa. Sharaɗi guda: kada ka canza lens a fili cikin ƙurar nan, shiga mota ko ka juya baya ga iska, bakin kyamara na kallon ƙasa.

Mai hoton amare: Baba, ni da na roƙa bara cewa ka yi yana wajen gyara.

Mai tambaya: Allah ya saka. Asabar zan shiga Kano in sha Allahu. Akwai wanda ya san kyamara a can da zai raka ni dubawa?