Ƙamus na takarda ko waya ta wadatar?

Baban Zainab, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata tana aji biyu na sakandare, Turanci da Yarbanci sun zauna a bakinta, Hausar ce take neman kuɓuce mata. Na zaga masu sayar da littattafai a Yaba, ƙamus na Turanci tuli guda, na Hausa ko na magani babu. Wani ma cewa ya yi, "Alhaji, ai yanzu waya ce ƙamus." In aika Kano a sayo, ko in bar ta da wayar?

Mai Albasa, Mile 12:
Wa alaikumus salam. Alhaji, adana kuɗinka. Tun 2013 Google Translate ya sa Hausa. Saƙon banki ya shigo, in danna, in gane, in ci gaba da ciniki. Wa zai riƙe littafi a cikin danfo?

Malama Maman Sadik, Idi-Araba:
Mai Albasa, kai ciniki kake yi, ita kuwa harshe za ta koya. Manhajar fassara ma'ana ɗaya take miƙo maka ta yi shiru. Ƙamusun Bargery na 1934 kuwa, mai bayanin Hausa da Turanci, yana nuna karin sautin kalma, ya kawo misali a jimla, har ya faɗa maka wannan ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina. Ga yarinyar da ta tashi a Legas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma Alhaji, na Jami'ar Bayero na 2006 zan ce ka sayo, don shi Hausa yake bayani da Hausa.

Inda takarda ta gaza, ranar da aka buga ta ranar ta tsaya. Babban ƙamusun Turanci na Oxford juzu'i 20 ne a 1989, ya hau intanet a 2000, yanzu duk wata uku ana yi masa ƙari. A 2020 har kalmomin danfo da okada da Kannywood suka shiga. Namu kuwa, sai a shekara da shekaru kafin sabon bugu, abin yana ci mini rai.

Ɗan Obalende:
Baba, ka haɗa mata biyun mana. Sai dai a sa mata madannin Hausa, wato kibod, a wayar, mai ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba ta nemi kalma ta rasa alhali tana nan.

Baban Zainab:
Na gode ƙwarai. Ƙanena zai biyo motar shanu daga Kano, zan sa ya taho da shi. Ɗan Obalende, madannin nan ta ina ake sa shi?