Waɗanda aka taɓa ba shayi a Sin ko Japan, me kuka tarar?

Ɗan Kwari:
Salamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda zan je baje kolin birnin Guangzhou na ƙasar Sin a watan Afrilu, kuma an ce mini a can ba a shiga ciniki sai an sha shayi. Manya, a ba mu haske.

Alhajin Takalma:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka manta da madara da sukari tun daga filin jirgi. Mai masana'antar da nake sari a wurinsa yana da tebur na musamman mai magudanar ruwa a ofishinsa. Zai zuba tafasasshen ruwa a ganyen, ya zubar da na farko, wai wanki ne. Sannan ya miƙo maka ɗan kofin da bai wuce kurɓa biyu ba. Kana shanyewa yana cikawa, ganye ɗaya sai ya yi zagaye bakwai ko fiye. In ya zuba maka, ka ɗan bubbuga tebur da yatsu biyu, godiyar ke nan. In ya ishe ka, bar kofin a cike. Kada ka riga shi tayar da zancen farashi.

Maman Ilham:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Ni shayin pu'er aka ba ni, na lardin Yunnan, baƙi wuluk, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ana matse shi kamar faifai, yawanci giram 357, kuma yana tsufa yana ƙara tsada. A kasuwar shayi ta Fangcun da ke Guangzhou za ka ga iri-iri, amma ka ɗanɗana kafin ka biya.

Ɗalibin Kyoto:
Ku kun more, a kan kujera kuka sha. Mu a nan Japan durƙusawa ake yi a kan tabarmar tatami, ka zauna kan dugaduganka har ƙafa ta mutu. Alawa ake fara ba ka, ka cinye, sannan a kaɗa garin koren shayi da ake kira matcha da ɗan maburgin gora har ya yi kumfa. Kafin ka kai kwanon baki sai ka ɗan juya shi, don kada ka sha ta gefen adonsa. Tsarin da wani gwanin shayi mai suna Sen no Rikyu ya bari ne, wanda ya rasu a 1591. Koren shayinsu ma daban yake: su turara ganyen suke yi, Sinawa kuwa yawanci soya shi suke a busasshen kasko.

Ba'agadeje:
Abin dariya, ganyen da muke dafawa a kan gawayi a Agadas ai daga Sin ake kawo shi, yawanci daga lardin Zhejiang. Na dafa wa wani abokina Basine irin namu, da sukari, zagaye uku. Ya riƙe baki, ya ce mun kashe ganyen! Shi koren shayin Longjing na birnin Hangzhou yake sha, zafin ruwan ma ba ya bari ya wuce maki 80 na ma'aunin Celsius.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai. Alhaji, in na tafi musu da tsaraba, kilishi zai yi ko dabino?

Alhajin Takalma:
Dabino. Nama ba zai wuce kwastan ɗinsu ba.