Shin sai an yi duka ake kiransa cin zarafi?

Yayar Amarya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ƙanwata ta shekara 2 a ɗakin miji, kuma bai taɓa marinta ba, sai dai ya ƙwace wayarta, ya hana ta zuwa gida ko da mahaifiyarmu tana kwance, kuma duk abin da ta samu a ɗinki shi yake karɓewa. Idan ta yi magana sai ya zage ta a gaban danginsa. Iyayenmu suna cewa zaman aure ɗan haƙuri ne. Shin wannan cin zarafi ne, ko kuwa ni ce nake zuzuta abin?

Malamin Islamiyya, Daura:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki zuzuta komai ba. Dukiyar mace tata ce, ba ta halatta ga miji sai da yardarta, alhali ciyarwa da tufatarwa da muhalli suna wuyansa. Aya ta 231 a Suratul Baƙara ta hana a riƙe mata don a cutar da su, kuma a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'a na nan suke bi, alƙali yana iya raba aure idan cutarwa ta tabbata, ko da ta zagi ce. Kafin a kai can, a bi aya ta 35 a Suratun Nisa'i, a zaunar da mai sulhu daga danginsa da wani daga danginta.

Ma'aikaciyar jinya, Katsina:
Allah ya gafarta Malam, ina da ƙari. 'Yar'uwa, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne raba ta da waya da dangi, domin macen da aka killace ba ta da wanda za ta gaya wa ranar da hannu ya fara sauka. Ki samu lokacin da ba ya nan ki tambaye ta a keɓe ko tana tsoronsa, ko ya taɓa shaƙe ta, ko ya yi barazanar kashe ta. Mata da yawa ba sa lissafa shaƙewa a cikin duka saboda sau da yawa ba ta barin tabo, alhali tana daga cikin manyan alamun cewa rai yana cikin haɗari.

Yayar Amarya:
Na gode, Malam da Hajiya. Ta taɓa ce mini ya kama wuyanta sau ɗaya, amma washegari ya kawo mata atamfa ya ba ta haƙuri.

Ma'aikaciyar jinya:
To, kada a yi zaman sulhun tana gidansa. Waliyyinta ya je ya ɗauko ta tukuna, sannan a kai ta asibiti a duba wuyan.