Ƙafar da aka yanke mini ce take ciwo, akwai wanda ya taɓa jin haka?

Tela Ɗan Kurna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son yin tambayar nan, kunya ce take hana ni.

Ni tela ne a Kano, shekarata 34. Wata tara ke nan da aka yanke mini ƙafar dama, ƙasa da gwiwa kaɗan. Mota ce ta kwashe ni a kan babur, ƙwaurina ya karye, aka kai ni wurin mai ɗori ya ɗaure tamau. Kwana shida ina cewa ƙafar ta yi sanyi, ana ce mini in daure, haka ɗori yake. Ko da aka kwance, yatsun sun yi baƙi ƙirin. Wannan ya wuce, na karɓi ƙaddara.

Damuwata ita ce har yanzu ina jin ƙafar. Wallahi tana nan. Babban yatsana a tanƙware yake kamar an tura shi cikin takalmin da ya yi mini kaɗan, na kasa miƙe shi. Da dare tafin ƙafar zafi yake kamar na taka garwashi, wani lokaci kuma ya fizge ni kamar shokin lantarki. Rannan na tashi fitsari cikin magagin barci, na sauke ƙafa zan taka, sai ga ni a ƙasa da fasasshiyar haɓa. Ko yaron shagona nake kallo yana taka keke, sai in ji dunduniyata tana bin feda.

Kawuna ya ce a lanƙwashe aka binne ta, a tono a miƙe ta zan samu sauƙi. Gwaggo ta ce iska ce. Matata ba ta ce mini komai ba, amma na jiyo ta a waya tana tambayar yayarta ko na fara taɓuwa ne. Farasitamol ya zama mini kamar alewa. Ciwo ne da aka sani, ko kaina ne?

Abu Sadik

Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa. Wani maƙwabcinmu tiramol yake sha, ya ce yana samun barci. Ka jarraba.

Hajiya Inna

Ɗana, sannu. Kanka lafiya lau yake. Shekara shida ke nan da ciwon suga ya ci tawa ta hagu. Yarana da kansu suka naɗe ta a farin ƙyalle suka binne ta a miƙe sambal, amma na sha azabar da kake faɗi, don haka ka ce wa kawunka ya bar rami ya huta. Ni ƙaiƙayi ma ya fi damuna, tsakanin yatsu. Jikokina sun sha yi mini dariya ina sosa ƙafar roba.

Abin da na lura, yana tasowa da hunturu, da ranar da raina ya ɓaci, da ranar da ban yi barci ba. Ina naɗe dungun da bandeji mai miƙewa yadda aka koya mini a asibiti, in shafa man kaɗanya ina mulmulawa, ina ɗan bubbuga shi da yatsu. A hankali sai na ji ƙafar tana gajarcewa, yau tafin kamar a manne yake da dungun. Zafin bai fi ya leƙo sau biyu a wata ba. Shekarar farko ce mai wuya.

Malam Mai Gashi

Wa alaikumus salam. A sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma da wuya mako ya wuce ban ji irin bayaninka ba. Cikin mutum goma da aka yanke wa gaɓa, shida zuwa takwas suna jin wannan ciwo. Likitan sojan Faransa, Ambroise Paré, ya rubuta labarinsa tun shekarun 1550, sannan a 1871 wani likitan Amurka, Silas Weir Mitchell, wanda ya yi jinyar sojojin yaƙin basasarsu, ya raɗa masa sunan da ke nufin fatalwar gaɓa. Sunan ne kawai, babu fatalwa babu iska.

Ga yadda abin yake. Ba ƙafa ce take jin ciwo ba tun asali, saƙo take aikawa ta jijiya zuwa laka, ƙwaƙwalwa ta fassara. A cikin ƙwaƙwalwa kowace gaɓa tana da gurbinta. An cire ƙafa, amma gurbinta yana nan, kuma guntayen jijiyoyin da aka yanke ba su daina aika saƙo ba, sai dai saƙon ya zama shirme. Ƙwaƙwalwa kuma inda ta saba ajiye shi nan take ajiye shi: tafin ƙafarka. An kuma lura wanda ya sha ciwo kafin yanka ya fi fama, har ciwon yakan ɗauko kamannin na da. Ka tuna yadda yatsanka yake a matse cikin ɗaurin nan na kwana shida, ina jin shi kake ji har yau.

Abu biyu nake so ka yi. Na farko, ka bi bakin dungun da yatsa kana dannawa. In ka sami wuri guda mai ɗan ƙullutu da in ka taɓa sai shokin ya tashi, kan jijiya ne ya dunƙule. Wannan aikin likitan ƙashi ne, ana yi masa allura ko ƙaramar tiyata. Tunda a Kano kake, ga asibitin ƙashi na Dala. In kuma akwai ja, kumburi ko ruwa, kada ka jira gobe.

Na biyu, madubi. Likita Ramachandran ne ya fito da dabarar a Kalifoniya cikin shekarun 1990. Ka zauna ka miƙe ƙafa, ka tsayar da dogon madubi tsakanin cinyoyinka yana kallon ƙafar hagu, dungun ya ɓuya a baya. Ka zuba wa madubin ido, ka riƙa motsa yatsu da idon sawu a hankali, kana ƙoƙarin motsa ta daman tare. Ido zai gaya wa ƙwaƙwalwa cewa yatsan ya miƙe. A wani ƙaramin gwaji da aka yi a asibitin soja na Walter Reed da ke Amurka, wanda aka wallafa a 2007, minti 15 kullum har mako huɗu suka yi. Ba kowa yake yi wa aiki ba, amma bai ci kuɗi ba.

Farasitamol ba ya kama ciwon jijiya sosai. Likita yakan rubuta amitriptyline ko gabapentin, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa, kuma suna sa jin barci da jiri. Kada ka saya da kanka a kyamis. Malam Abu Sadik, na san taimako ka yi niyya, amma tiramol ɗin kan titi ya kwantar da samari da yawa, kar mu ƙara masa wata jinya.

Tela Ɗan Kurna

Na dawo bayan kwana goma sha biyu. Hajiya, na gode, Allah ya ƙara girma. Na karanta wa matata amsarki har sau biyu.

Malam, madubin gwajin kaya na shago na sa yaro ya ɗauko mini. Ranar farko ban yi minti uku ba na ajiye, ganin kaina da ƙafa biyu ya sa ni hawaye. Mako guda babu wani canji. Shekaranjiya bayan la'asar ina cikin yi sai na ji yatsan ya saki, ya miƙe. Na kusa awa guda ban motsa daga wurin ba don tsoron kar ya koma. Da dare zafin ya dawo, amma na yi barci har kiran assalatu.

Ƙullutun ma na same shi, ta gefen waje, kamar ƙwayar wake. Litinin zan je a duba. Tambayata, in an ba ni ƙafar roba zan iya komawa taka keken, ko in nemi keken ɗinki mai mota?

Malam Mai Gashi

Madalla, kada ka fasa madubin. A fara gyara ƙullutun kafin a auna ka, in ba haka ba robar za ta riƙa danna shi. Sa ƙafar roba da yin tafiya da ita ma yakan rage wa wasu ciwon. Keke kuwa, a ɗaura wa naka mota ka koyi danna feda da hagu kafin nan.