Ma'aikatan ICU, ku ma zuciyarku ta taɓa bushewa haka?

Nas_Dutin_Dare:

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya, musamman waɗanda ke ICU, wato ɗakin gobe da nisa, ko suka taɓa zama a can, dan Allah ina da tambaya kuma amsa nake so tsakani da Allah ba wa'azi ba. Na daɗe a ɗakin gobe da nisa, ni ma na roƙa aka kai ni don ina son aikin, amma yanzu wani abu na damuna. Da can in mara lafiya ya rasu a hannuna sai na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska kafin in iya tunkarar 'yan uwansa. Yanzu fa ko a jikina. Kwanan nan wani matashi da aka kawo daga hatsarin mota ya cika wajen asuba, ina cire masa bututun numfashi ina naɗe wayoyin monita, mahaifiyarsa na bakin ƙofa tana salati, amma abin da ke kaina kawai wa zai goge gadon nan da wuri don akwai wata a tiyata tana jira. Sai da na hau adaidaita zan koma gida na ce wai ni ce kuwa?

Ga saurin fushi kuma, majinyaci ya yi min tambaya sau biyu sai in ji raina ya ɓaci, a gida yara sun fara kewaye ni, barci in na dawo daga duti ba ya zuwa, in ya zo kuma ƙarar monita nake ji a kunne. Maigidana ya ce in ajiye aikin, yayata ta ce in ƙara azkar wai ƙeƙashewar zuciya ce. To wannan abin yana wucewa ne ko shi ke nan na zama irin sistocin nan da muke zagi lokacin muna ɗalibai? Kuma ku me kuke yi wa kanku?

Anti_Mai_Ritaya:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba ta zama a adaidaita tana tuhumar kanta. Abin da ya same ki kanta ce irin ta hannun manomi, wurin da fartanya ke gurza kullum shi ke yin tauri, ba don hannun ya mutu ba. Na yi wannan yanayin, kuma yawancin sistocin da kuke zagi ɗin ma haka suka fara, ba a haife su da zafin rai ba, babu wanda ya taɓa tambayarsu ya kuke ne kawai.

Azkar ki riƙe, yayarki ba ta yi ƙarya ba, amma ki tuna mata cewa Annabi SAW da kansa ya ce wa Abdullahi ɗan Amru jikinka na da hakki a kanka, idonka na da hakki a kanka, kuma a kan ibada ma ya faɗa masa haka balle duti. Ni abin da ya taimake ni a lokacin, na daina karɓar dutin wasu. Kin san halinmu, wannan za ta je biki wannan ɗanta ba lafiya, ke kuma kunya ta hana ki cewa a'a sai ki wayi gari kin haɗa dare da yini. Sannan ki ci abinci a zaune ko na minti goma ne, ba biskit da lemo a tsaye bayan kabad ɗin magani ba. Ki karɓi hutun shekararki cif, kar ki bari a ce miki sai an samu hannu, hannun nan ba za a taɓa samu ba.

Malam_Tuta:

Sista sannu da ƙoƙari. Ni ina koyarwa a makarantar jinya kuma abin nan muna karantar da shi, sai dai sama-sama. Tun 1992 wata nas Carla Joinson ta yi rubutu a kan ma'aikatan ɗakin gaggawa da tausayinsu ya gaji, daga baya Charles Figley, masanin halayyar ɗan adam a Amurka, ya faɗaɗa binciken. A taƙaice abu biyu ne ke haɗuwa. Akwai gajiyar aiki kanta wadda ke taruwa a hankali daga yawan duti, ƙarancin ma'aikata da rashin kayan aiki, ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka a kundinta a 2019 a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa, ba ciwo ba, kuma cikin alamominta uku har da mutum ya ji ya yi nesa da aikinsa a zuci. Sai kuma firgicin da mutum ke ɗauka daga wahalar wasu, shi ke kawo mafarki, jin ƙarar monita a gida, gudun wani gado ko wani irin mara lafiya. Ke daga bayaninki kamar kin ɗan taɓa duka biyun.

Akwai wata takardar tambayoyi da ake kira ProQOL, kyauta ce a intanet, tambaya 30 ce a kan yadda kika ji cikin kwana 30 da suka wuce, tana auna gajiyar, da firgicin, da kuma daɗin da mutum ke samu a taimakon mutane. Ba ta maye gurbin ganin likita amma tana sa mutum ya ga inda yake tsaye, kuma da yawa suna mamaki in suka ga ɓangaren jin daɗin aikin nasu bai mutu ba.

Dan_Wod_7:

Ni fa ku yi haƙuri, in na ji ana cewa nas ya kula da kansa raina ɓaci yake. Da wane lokacin? A ƙa'ida mai injin numfashi nas ɗaya ne a kansa, a Kalifoniya doka ce ma kar a ba nas na ICU fiye da mutum biyu, mu nan sai ka kwana da uku ko huɗu ku biyu a ɗaki, a ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi ka kama ambu, jakar nan ta hura wa mara lafiya iska, kana matsawa da hannu har yatsunka su sage, kana haska monita da fitilar waya. Sannan abin da ya fi ci min rai ba mutuwar ba ce, mutuwa ta Allah ce, a'a ka san maganin da zai taimaki mutum, ka rubuta wa ɗan uwansa takarda ya fita ya dawo bayan awa uku ya ce kuɗin bai cika ba ana can ana neman sayar da akuya. Sau nawa za ka ga wannan zuciyarka ba ta rufe ƙofa ba? Mu kan yi karo-karo a tsakaninmu mu saya, amma albashin nawa ne.

A farkon 2024 shugaban hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa ya ce nas 42,000 suka bar Najeriya cikin shekara uku. Marasa lafiyarsu ba su bi su ba, mu aka bar wa. Don haka Sista ki yi barci ki ci abinci duk na yarda, amma in rosta, jadawalin duti, ba ta canza ba wlh zagaye kawai za ki yi ki dawo nan.

Hajjo_Manchesta:

Dan_Wod gaskiyarka, amma bari in ce wani abu, ni ina Ingila yanzu kuma mutum ɗaya nake riƙewa in yana kan injin, wuta ba ta ɗaukewa, magani na cikin kabad, kuma duk da haka abin nan na kama mutane sosai, bayan korona da yawa sun bar ICU gaba ɗaya. Rosta babban abu ce amma ganin mutuwa kullum shi ma yana da nasa nauyin.

Abu biyu na gani a nan da ba sa cin ko kwabo. Na farko in mutum ya rasu kowa ya tsaya cak kamar minti ɗaya kafin a taɓa komai, likita, nas, har mai shara in yana wurin, wani nas ne a Amurka Jonathan Bartels ya fara yaɗa shi. Mu ai muna da inna lillahi, matsalar ita ce muna faɗinta hannunmu na cire kanula. A tsaya ɗin ne muhimmi. Na biyu wani zama da suke kira Schwartz, wata-wata ma'aikata su taru su yi maganar yadda wani mara lafiya ya taɓa su, ba neman mai laifi ba, ba tattauna magani ba. Ku ko ku huɗu ne bayan miƙa aiki za ku iya, da sharaɗin abin da aka faɗa ya tsaya a ɗakin, don mun san kanmu da kai rahoto.

Maganar barci kuma ki daina nescafe daga wajen ƙarfe biyun dare, don yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ki sa labule mai kauri, ki kashe waya, kuma ki zauna da maigida a kan wa zai riƙe yara da girkin rana ranar da kika kwana a asibiti. Tunda har ya ce ki ajiye aikin ai ya damu, to ga inda zai taimaka.

Sista_Kwakwalwa:

Ni ɓangaren ƙwaƙwalwa nake, abu ɗaya zan ƙara. In ya kai sati biyu komai ya fita ranki har abin da kike so a gida, ko kina yawan kuskuren allura, ko tunanin gara ki mutu ya fara zuwa, ko kin fara haɗiyar diyazefam don barci, to ya wuce shawarar dandali, ki ga likitan ƙwaƙwalwa. Na faɗi maganar magani ne da gangan don mu ke riƙe da makullin kabad, kuma na ga abokan aiki da suka fara da allurar fentazosin ɗaya don ciwon baya. In kina jin kunyar asibitinku ki je wani garin, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, Maiduguri ma akwai.

Nas_Dutin_Dare:

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban kai can ba Sista amma na ji. Zan cike takardar da Malam ya faɗa. Anti dan Allah in ina so a ɗan fitar da ni daga ICU na wasu watanni ya zan tunkari metiron ba tare da ta ɗauka raki ba ne? Don tamu ba ta da sauƙi.

Anti_Mai_Ritaya:

Kar ki tare ta a koridoo ko ranar da ake fitar da rosta, ki same ta a ofis da safe bayan zagaye. Ki je da takarda a rubuce, ki ce kina neman canjin wod na wata uku kuma za ki dawo, ki ce barcinki ya lalace kina tsoron kar ki yi kuskure a kan mara lafiya, wannan kalmar kowace metiron na jin ta don ita za a fara tambaya in abu ya faru. In da hali ki riga ki nemo wadda ke son zuwa ICU ku yi musanya ki kai mata sunan. In ta ƙi, ki ajiye kwafin takardar ki kai wa mataimakiyar daraktan jinya.