Shin ƙaramin kamfanin gine-gine yana buƙatar mai tsara ayyuka?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfanin gine-gine a Kano, muna karɓar kwangilar gidaje da shaguna, kuma ma'aikatanmu na dindindin ba su kai ashirin ba. Magina da kafintocinmu sun iya aikinsu, amma da wuya mu miƙa gini a ranar da muka yi alkawari, ribar da muka lissafa tun farko kuwa takan zagwanye kafin a kai ga fenti. An ba ni shawarar in ɗauki mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai tsara ayyuka da bin diddiginsu. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar: wace riba ce a cikin wannan, ko kuwa abin na manyan kamfanoni ne kawai?

Injiniyan Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Babbar ribar ita ce ka san aikin da yake riƙe da sauran ayyuka. A kowane gini akwai jerin ayyukan da idan ɗaya ya makara da kwana guda, ranar miƙa ginin ma za ta matsa da kwana guda, akwai kuma waɗanda za su iya jira ba tare da an yi asarar komai ba. Idan an zuba kankaren rufin bene, dole a bar katakon da ke tallafe da shi makonni biyu zuwa uku, kuma sai ya kai kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. Yawan leburori ba zai gajarta wannan jira ba. Saboda haka ranar zuba kankare tana da tsada, duk abin da zai jinkirta ta, ko rodi ne bai iso ba ko mai wayarin bai binne bututunsa ba, ya taɓa aikin gaba ɗaya. Ƙofofi da tagogi kuwa ana iya haɗa su a cikin wancan lokacin jiran. Wanda bai zana wannan a takarda ba zai riƙa ɗaukar kowace matsala da nauyi ɗaya, ya gaji da zirga-zirga, alhali wadda ta fi haɗari tana nan ba a taɓa ta ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin DuPont na Amurka ya fara aiki da ita a 1957 don tsara gyaran masana'antunsa, tun kafin nan kuma wani injiniya Ba'amurke, Henry Gantt, ya fito da jadawalin da ke nuna kowane aiki a matsayin layi a kan kwanakin wata. Allo da alli sun isa a zana shi. A nan Kano sai ka ɗora damina a kai, domin haƙa harsashi a watan Agusta wahala ce da ake iya kauce mata tun a watan Maris.

Hajiya Akanta:

Injiniya ya yi bayanin lokaci, ni kuma zan taɓa kuɗi, domin ina zargin a nan ribarka take zurarewa, Alhaji. Mai gida yakan zo ana tsakiyar aiki ya ce a matsar da bango, ko a ƙara banɗaki, ɗan kwangila kuma ya amsa da "ba komai" saboda kunya. Tsarin tafiyar da aiki yana tilasta a rubuta kowane canji, a faɗi kuɗinsa da kwanakin da zai ƙara, mai gida ya sa hannu kafin a ɗaga bulo ɗaya. Wannan yana kare mutuncin ɓangarorin biyu, musamman a lokacin da farashin siminti ba ya zama wuri ɗaya.

Manyan ƙasashe ma sun ɗanɗana kuɗarsu a kan haka. An fara gina shahararren ɗakin wasannin nan na birnin Sidni a Ostireliya a 1959, tun kafin a gama warware yadda za a yi rufinsa. An ƙiyasta zai ci dalar Ostireliya miliyan 7, a gama a 1963, amma ba a buɗe shi ba sai 1973, bayan ya cinye miliyan 102, mai zanen ginin, Jørn Utzon, kuma ya bar aikin tun 1966. Abin da ya faru can shi ne yake faruwa a ginin ɗaki huɗu idan aka fara haƙa kafin a tsaida magana.

Malam Ɗan Zariya:

Na yarda da su duka biyun, sai dai ina da jan hankali guda. Jadawali ba ya aiki idan wanda ke riƙe da shi ba shi da iko. Idan ka ɗauki matashi mai takarda, amma shugaban magina yana tsallake shi ya kira ka kai tsaye, kai kuma kana sauya umarni ta waya, to ka ƙara albashi ne kawai. Shawarata ita ce kada ka yi gaggawar ɗaukar sabon mutum. Ka zaɓi kwangila ɗaya, ka damƙa ta ga wanda ma'aikata suka riga suka sani kuma suke jin maganarsa, ka sanar a gaban kowa cewa sayen kaya da jerin aiki ta hannunsa za su bi. Kowace Asabar ku zauna da birkila da kafinta da mai famfo na rabin awa, kowa ya faɗi abin da ya gama da abin da yake jira daga wani. Idan an miƙa ginin, ka kwatanta kwanaki da kuɗin da aka kashe da abin da aka rubuta a farko, sannan ka yanke shawarar ko kujerar ta cancanci albashi na musamman.