Hamoni a nazarin Bishara: tagwaye ne ko ƙauli biyu?

1/ Jama'a ku kawo ɗauki. Ina shirya takardar nazarin Littafi Mai Tsarki ta ranar Laraba a sashen Hausa na cocinmu da ke Sabon Gari, sai wata kalma ta tsaya mini a maƙoshi. Turawa na ce mata hamoni. Mawaƙan coci sun san ta a waƙa, amma a nan nufinta a jera littattafan Bishara huɗu, wato Matiyu, Markus, Luka da Yahaya, a duba inda labari ya yi kama da labari, a yanke ko sau ɗaya abin ya faru ko sau biyu.

2/ Ga abin da ya jawo maganar. Yesu ya shiga Haikali ya kifar da teburan 'yan canji, irin mutanenmu na Wapa ke nan. Yahaya ya kawo labarin tun a sura ta 2, farkon aikinsa, har da bulalar igiya da korar shanu da tumaki. Markus 11, Matiyu 21 da Luka 19 kuwa sun kai shi makon ƙarshe kafin gicciye. To sau nawa aka yi korar?

3/ Da na zo sa wa hamoni sunan Hausa, na fara rubuta "daidaitawa". Wani ƙanena ya ce, "Yaya, a Kano kana cewa daidaita kowa zai tsaya jiran mai babur mai ƙafa uku." Dariya na yi, amma matsalarta ta fi haka: tana nuna tun kafin a zauna an riga an yanke cewa abu ɗaya ne, gyaran sahu kawai ya rage. Na koma "sasantawa", Baba Fasto ya ɗago tabarau ya ce, "Ɗana, su wa suka yi faɗa?" Na soke ta.

4/ Jiya bayan la'asar na kai wa wani maƙwabcina malamin hadisi a Fagge maganar. Ko gezau bai yi ba, ya ce ai tsohon aikinsu ne. In ruwayoyi biyu suka saɓa, ko a yi jam'i a haɗa su, ko a ce ƙissar ce ta faru fiye da sau ɗaya. Ya ce har a Isra'i da Mi'iraji an samu masu cewa an maimaita, kuma Ibnul Ƙayyim ya soki masu ƙara adadi duk lokacin da lafazi ya bambanta. Na ce, "Allah gafarta Malam, mu ma muna da namu." Wani Bajamushe, Andreas Osiander, ya fitar da littafi a 1537 inda kusan duk bambancin jeri ya mai da shi aukuwa ta daban.

5/ A zauren nan na gane kalma ɗaya ba za ta ɗauki kayan ba. Bahaushe na cewa "a wani ƙaulin", kuma kowa ya san zance ɗaya ake bayarwa ta baki daban. Don haka abu ɗaya da aka ruwaito iri biyu, mu ce ƙauli biyu. Wani ya kawo "baki biyu", na ce a'a, wannan zargi ne, mai baki biyu ba a yarda da shi.

6/ Ɗaya ɓangaren kuwa wata mama ta zumuntar mata ce ta ba ni. Ina cikin bayani ta katse ni: "Kama da wane ba ta wane. Ka ce tagwaye mana." Hassan da Husaini kamarsu ɗaya, amma mutum biyu ne. Tagwayen labari ke nan.

7/ Mu gwada. Ciyar da mutum 5,000 a Markus 6: gurasa biyar, kifi biyu, ragowa kwando 12. Ciyar da 4,000 a Markus 8: gurasa bakwai, kwando bakwai. Akwai masana da ke ganin tushensu ɗaya, amma a Markus 8:19-20 Yesu da kansa ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar almajiransa. A wurin Markus dai tagwaye ne.

8/ Matar da ta shafa wa Yesu turare ita ce mai sa gumi. Markus 14 da Matiyu 26: Betanya, gidan Saminu kuturu, a ka aka zuba. Yahaya 12: Betanya dai, Maryamu 'yar'uwar Li'azaru, amma a ƙafa, ta goge da gashinta. Markus da Yahaya duk sun ambaci dinari 300 da ƙorafin a ba talakawa, don haka ni a ganina ƙauli ne ya bambanta. Luka 7 fa? Mai gidan Saminu ne shi ma, sai dai Bafarisiye, matar mai zunubi ce tana kuka, zancen kuma na gafara ne, babu batun jana'izarsa kamar a sauran ukun. Sunan Saminu bai ishe ni hujja ba, sunan ya yi yawa a lokacin, a cikin almajirai 12 ma akwai biyu. Na sa na Luka a tagwaye, na san wasu za su ja.

9/ Littafin da aka narkar da huɗun suka zama labari ɗaya, irin wanda wani malamin Kirista, Tatiyan, ya yi wajen shekara ta 170, har majami'un Siriya suka daɗe suna karanta shi, wannan saƙar Bishara ce. Aikin zama a auna kuwa na rubuta tantance ƙauli.

10/ Takarda za ta tafi wurin mai bugawa gobe da safe, saura labarin warkar da makaho a garin Yariko. Markus 10 ya ce Bartimawas makaho, Yesu na fita gari. Luka 18 ya ce yana gab da shiga. Matiyu 20 ya ce makafi biyu. Na rubuta ƙauli uku da fensir. Mai ja ya yi magana kafin ƙarfe takwas.